Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Bankin Niyu Zilan Kan Jirgin Endeavour Da Ke Jikin Santi 50

Zuwa ga shugabannin Babban Bankin Niyu Zilan da ke birnin Wellington,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa da fatan alheri. Bayan haka, ni malamin tarihi ne daga arewacin Nijeriya, mai sha'awar tara tsofaffin sulalla na ƙasashe, kuma na rubuto muku ne a kan tsabar kuɗinku ta santi 50, wadda tun ranar 10 ga Yuli 1967, lokacin da ƙasarku ta bar lissafin fam da sule da kwabo ta koma dala da santi, take ɗauke da hoton jirgin ruwan Endeavour na Kyaftin James Cook. Tun bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a watan Satumba na 2022 ya zama tilas a sauya fuskar da ke gaban sulallanku, kuma tunda dai za a taɓa abin bugun kuɗin, ina ganin babu lokacin da ya fi wannan dacewa a sake duban abin da ke bayansa. Roƙona shi ne kada ku cire jirgin, amma kuma kada ku ci gaba da barinsa shi kaɗai a kan ruwa.

Duk wanda ya ɗora tsabar a tafin hannunsa ya dube ta da kyau zai yaba wa James Berry, mai zanen da ya tsara bayan sulallan 1967. Jirgin na tafe da zannuwansa cike da iska, an fitar da sandunansa da igiyoyinsa dalla-dalla a fili ɗan ƙarami, an rubuta sunan jirgin a ƙasa, sannan can baya ga dutsen Taranaki ya taso da ƙoƙon kansa. Ko a 2006, da kuka rage girman tsabar daga kusan milimita 32 zuwa ƙasa da 25, kuka rage nauyinta daga sama da giram 13 zuwa giram 5, kuka koma buga ta da ƙarfe mai rufin nikel, zanen bai lalace ba. Sai dai idan mutum ya daɗe yana kallo zai lura da abin da babu: babu kwalekwale ko ɗaya a ruwan, babu hayaƙi a gaɓa, babu wata alama da ke nuna cewa akwai ɗan Adam a wannan ƙasa. Jirgi ne da dutse da ruwa kawai, alhali kuwa littafin tafiyar Cook kansa cike yake da labarin hayaƙin da suka riƙa hangowa a tudu, da garuruwa masu shinge a kan duwatsu, da kwalekwalen da suka yi ta fitowa suna tarar su.

Ba na cikin masu raina wannan jirgi, kuma dalilina na cewa a bar shi yana cikin tarihinsa. An ƙera shi a garin Whitby na arewacin Ingila a 1764 da sunan Earl of Pembroke, aikinsa kuwa dakon kwal ne a gaɓar teku, don haka aka yi shi da faɗin ciki da shimfiɗaɗɗen gindi, ba shi da sauri kuma ba shi da kyan gani. Waɗannan siffofin ne suka sa rundunar sojan ruwan Birtaniya ta saye shi a 1768, domin jirgi irin wannan yana ɗaukar guzurin watanni masu yawa, yana shiga ruwa marar zurfi, kuma ana iya jan sa kan yashi a gyara shi ba tare da an nemi tashar gyara ba. Tsawonsa bai wuce kimanin mita talatin ba, amma a cikinsa aka cusa mutum 94 da kayan awon taurari da dabbobi da ganguna na ruwa da abinci, ya tashi daga Plymouth a ƙarshen Agusta 1768, ya zagaya ƙarshen kudancin Amurka, ya isa tsibirin Tahiti a watan Afrilu 1769. Aikin da aka bayyana wa duniya shi ne auna giftawar tauraruwar Zara ta gaban rana a ranar 3 ga Yuni 1769, domin masana su samu hanyar lissafa nisan da ke tsakanin duniya da rana. Akwai kuma umarni na biyu na sirri, wanda ya ce a gangara kudu a nemo babbar nahiyar da Turawa ke zaton tana can, kuma a karɓi wuraren da suka dace da sunan sarkin Ingila bisa yardar mutanen wurin.

A cikin kimanin wata shida, daga Oktoba 1769 zuwa ƙarshen Maris 1770, jirgin ya zagaye manyan tsibiranku biyu, Cook kuma ya zana taswirar gaɓar da ta kai mil 2,400, wadda aka daɗe ana tafiya da ita duk da 'yan kurakuranta, kamar ɗaukar zirin Banks a matsayin tsibiri da kuma haɗe tsibirin Stewart da babbar ƙasa. Daga nan ya wuce gabashin Ostareliya, inda a daren 11 ga Yuni 1770 ya hau kan duwatsun murjani ya huje, sai da aka zubar da manyan bindigoginsa a ruwa, aka ɗaure masa zane mai ulu da zaren tsohuwar igiya a ƙarƙashi don toshe ramin, kafin aka lallaɓa da shi bakin wani kogi aka kwantar da shi aka gyara. A Batavia, wato Jakarta ta yau, zazzaɓi da atini suka shiga cikin mutanensa, kimanin talatin suka mutu a can da kuma kan hanyar komawa, jirgin ya isa gida a watan Yuli 1771. Ƙarshensa ma abin tausayi ne, domin an sayar da shi, an sauya masa suna zuwa Lord Sandwich, an yi jigilar soja da shi, an tsare fursunoni a cikinsa a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, daga bisani Turawan Ingila da kansu suka nutsar da shi a tashar Newport a watan Agusta 1778 don su tare wa jiragen Faransa hanya. Jirgin da ya yi wannan aiki ya cancanci a tuna da shi, kuma ƙasar da ya zana wa taswira tana da haƙƙin sa shi a kuɗinta.

To amma abin da ya faru a ranakun farko na saukarsa ba ɓoyayye ba ne, ku ma kun fi ni saninsa. Ranar 8 ga Oktoba 1769 mutanen Cook suka sauka a bakin kogin Tūranganui, inda garin Gisborne yake a yau, kuma kafin rana ta faɗi sun harbe Te Maro, wani babba daga zuriyar Ngāti Oneone. Washegari aka sake harbin wasu a bakin kogin, ciki har da Te Rākau na ƙabilar Rongowhakaata, sannan da yamma aka buɗe wuta a kan wani kwalekwalen masunta da ya ƙi tsayawa, aka kashe wasu daga cikinsu, aka kwashi samari uku zuwa cikin jirgi. Joseph Banks, attajirin masanin tsirrai da ke cikin tafiyar, ya rubuta a littafinsa cewa bai taɓa ganin rana mai muni irin wannan ba a rayuwarsa. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne cewa shugaban ƙungiyar masanan da ta nemi a yi tafiyar, Lord Morton, ya ba su shawara a rubuce tun kafin su tashi cewa mutanen da za su tarar su ne halaltattun masu ƙasarsu, kuma zubar da jininsu babban laifi ne. Ke nan ba za a ce ma'aunin zamaninmu muke ɗora wa mutanen da ba, tunda ma'aunin nasu zamanin ma ya haramta abin da aka yi. Cook ya bar wurin bai samu ruwa da abincin da yake nema ba, ya raɗa wa mashigin suna mai nufin talauci, sunan da ya zauna shi kaɗai a taswira har 2019 da aka dawo da Tūranganui-a-Kiwa aka jera su tare. A wannan shekarar ce kuma jakadiyar Birtaniya, Laura Clarke, ta je Gisborne ta bayyana wa zuriyar waɗanda aka kashe takaicin gwamnatinta, kuma a shekarar ce mutanen Ngāti Kahu suka ƙi yarda kwaikwayon jirgin ya shiga tasharsu ta Mangonui a bikin cika shekara 250.

Dutsen da ke bayan jirgin shi ma yana da nasa zancen. Cook ya hange shi ne daga teku a watan Janairu 1770, bai taka ƙasar ba, bai tambayi kowa sunansa ba, ya sa masa Egmont don girmama wani tsohon shugaban ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya wanda bai taɓa ganin dutsen da idonsa ba. A 1865 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙwace fiye da eka miliyan ɗaya na ƙasar Taranaki har da dutsen, a 1881 kuma sojoji suka afka wa garin Parihaka, wanda mutanensa suka zaɓi yin turjiya ba tare da makami ba. A watan Janairu 2025 majalisar dokokinku ta zartar da dokar da ta amince da Taranaki Maunga a matsayin kakan mutanen yankin mai haƙƙoƙi irin na mutum a gaban shari'a, sunan Egmont kuma ya sauka. Idan majalisa ta ɗaga dutsen zuwa wannan matsayi, ya kamata banki ya tambayi kansa ko daidai ne dutsen ya ci gaba da zama adon bango kawai a bayan jirgin mutumin da ya sauya masa suna.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Tupaia. Wannan mutum malamin addini ne kuma gwanin tuƙi daga tsibirin Ra'iātea, ya shiga jirgin a Tahiti a watan Yuli 1769 tare da yaronsa Taiata, shi ya bi da su ta tsakanin tsibiran yankinsa, kuma ya zana musu taswira mai ɗauke da tsibirai sama da saba'in waɗanda ya haddace sunayensu da hanyoyinsu daga iyaye da kakanni. Da suka iso ƙasarku sai ya zamana harshensa da na Maori, wato 'yan asalin ƙasar, 'yan uwan juna ne, don haka shi ne bakin jirgin da kunnensa: shi yake magana da masu tahowa a kwalekwale, shi yake kashe wutar faɗa inda ta kasu, shi yake shirya cinikin kifi da dankali da ruwan sha. A Ūawa, wani mashigin teku da ke arewa da Gisborne, ya zauna da manyan malaman wurin suna tattauna asali da al'ada, har yau akwai kogon da ake kira da sunansa. Akwai wani zanensa da ke ajiye a Landan, inda wani Bamaori sanye da mayafi ke miƙa wa Banks wata babbar ƙaguwar teku ja, shi kuma Banks yana miƙa masa ƙyalle, kowannensu na riƙe da nasa gam yana jiran ɗayan ya fara saki. Tupaia da Taiata sun mutu a Batavia a ƙarshen 1770, kuma da Cook ya dawo a 1773, Tupaia ne Maori suka riƙa tambaya a wurare daban-daban, suka yi makokinsa da suka ji ya rasu. A idon mutane da yawa na wancan lokaci, shi ne babban baƙon da jirgin ya kawo.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ya sa na ga ina da abin cewa duk da nisan da ke tsakaninmu. Mu ma an daɗe ana karantar da yaranmu a firamare cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali a 1796 da ya isa Segu, a ƙasar Mali ta yau, ya tarar da birni mai cike da jama'a da masu fito suna ƙetarar da mutane, kuma a 1806 da ya halaka a Busa, a cikin ƙasar mutanen da suka san kowane dutse na kogin ya halaka. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Hugh Clapperton taswirar ƙasashen da kogin ya ratsa, aka kai ta Ingila aka buga, amma ɗaliban da suka haddace sunan Clapperton da na 'yan uwan nan biyu Lander kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin labarin taswirar Sarki. Na ga illar wannan a aji da idona: yaro ya tashi yana ganin ilmi abu ne da ake kawowa daga waje a cikin jirgi, mutanen gida kuwa ba su da wani matsayi sai na 'yan dako da 'yan kallo. Littafin makaranta ya fi tsabar kuɗi yawan magana, amma tsabar kuɗi ta fi shi shiga hannu, kuma yaron da bai iya karatu ba ma yana iya kallon hoto.

Tekun da Endeavour ya ratsa an riga an ratsa shi ƙarnuka kafin a haifi Cook. Kakannin Maori sun iso Aotearoa, wato Niyu Zilan a harshensu, daga gabashin Folinesiya wajen shekarun 1250 zuwa 1300, a cikin tagwayen kwalekwale masu zane waɗanda ake kira waka hourua, suka keta dubban kilomita na buɗaɗɗen teku da sanin mafitar taurari da mafaɗarsu, da yanayin kumburin ruwa, da tashin tsuntsaye, da launin gajimare a kan tsibiri. Sunayen jiragen ba su ɓata ba, akwai Tainui da Te Arawa da Mātaatua da Tākitimu da Aotea da Tokomaru da Kurahaupō da Horouta, kuma har gobe idan Bamaori zai gabatar da kansa a taro yakan ambaci dutsensa da koginsa da jirgin da ya kawo kakanninsa. An taɓa samun masana Turawa da suka ce iska ce kawai ta koro waɗannan mutane bisa kuskure, sai tafiyar kwalekwalen gargajiya Hōkūle'a daga Hawaii zuwa Tahiti a 1976, ƙarƙashin jagorancin Mau Piailug kuma ba tare da na'urar nuna hanya ba, ta rufe wannan baki, sannan a 1992 kwalekwalen Te Aurere, wanda Hekenukumai Busby ya sassaƙa a ƙasarku, ya tafi Rarotonga ya dawo. Ko ta fuskar Turawa ma Endeavour ba shi ne na farko ba, domin Abel Tasman na Holan ya riga shi da shekara 127, a 1642. Idan manufar santi 50 ita ce girmama jarumtar keta teku da gano ƙasa, to jirgin da ya fi cancanta ba ya kanta.

Na san za a ce Maori ba su rasa wuri a sulallanku ba, tunda santi 10 na ɗauke da sassaƙaƙƙiyar fuskar koruru, santi 20 kuma na ɗauke da sassaƙen Pūkaki, kakan ƙabilar Ngāti Whakaue na Rotorua, tun 1990. Haka ne, amma ku dubi yadda rabon ya kasance: an ba wa Maori sassaƙa da ado, an ba wa Turawa tafiya da ilmi da bincike. Wannan rabo shi ne ainihin abin da nake ƙorafi a kai. Labarin Pūkaki ma darasi ne a gare ku, domin an sa shi a kuɗi ba tare da an fara zama da zuriyarsa ba, sai daga baya aka zauna aka daidaita. Za a kuma ce amfani da tsabar kuɗi yana raguwa, mutane sun koma kati da waya, don haka ba abin damuwa ba ne. Ni kuwa gani nake wannan hujja ce ta a hanzarta, domin zanen da aka buga a shekarun nan mai yiwuwa shi ne zai daɗe a gidajen tarihi da akwatunan masu tara sulalla a matsayin yadda ƙasarku ta ga kanta. Ba ku kaɗai ne kuka gaji irin wannan hoto ba: Birtaniya ta ɗauki jirgin Golden Hind na Francis Drake a kan rabin kwabonta daga 1937 zuwa 1967, ba ta taɓa tuna cewa Drake ya yi aiki a farkon sana'arsa a jiragen John Hawkins masu kamun bayi a gaɓar Afirka ta Yamma ba, Fotugal kuma ta yi ta buga jiragenta na ƙarni na goma sha biyar a kan eskudo har zuwan yuro. Waɗannan sulalla sun shuɗe ba tare da an gyara su ba, naku kuwa yana nan a aljihun jama'a.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon ƙarfe ko sabon girma, don haka injinan sayar da kaya da na ajiye mota ba za su ji komai ba. Ku sa a zana baya na biyu na santi 50 mai ɗauke da waka hourua a kan teku da taurarin da matuƙansa ke bi, ku buga shi da yawa daidai da na Endeavour, su riƙa yawo tare a matsayin kuɗin yau da kullum, kada ya zama ɗan abin tunawa da za a buga sau ɗaya masu tara kuɗi su wawashe. Kun nuna kuna iya fitar da wani zane a kan wannan tsaba lokacin da kuka buga masu launi na tunawa da yaƙin Gallipoli a 2015 da na tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 2018. Kafin a ɗora alƙalami a takarda, ku fara zama da Rongowhakaata da Ngāi Tāmanuhiri da Te Aitanga-a-Māhaki da Ngāti Oneone na Tūranga, wato yankin Gisborne, da ƙabilu takwas na Taranaki waɗanda dutsen kakansu ne, da kuma masu sassaƙa da tuƙa waka na yau, ku bar zaɓin jirgin da mai zanen a hannunsu. Idan suka ga ya dace a ambaci Tupaia, to a tuntuɓi mutanen Ra'iātea, domin ɗansu ne kuma ba a bar hoton fuskarsa ba, don haka sunansa ko wani yanki na taswirarsa ya fi a ƙirƙiro masa kama. A shafinku na intanet kuma, inda kuke bayanin abin da ke jikin kowace tsaba, ku rubuta abin da ya faru a Tūranga ranar 8 da 9 ga Oktoba 1769 tare da sunayen waɗanda aka kashe, a kusa da bayanin jirgin.

Ina fatan za ku sa wannan batu cikin abin da za ku tattauna kafin a kammala sauya sulallan zuwa fuskar Sarki Charles na Uku, kuma ku bayyana wa jama'a matsayin da kuka ɗauka tare da dalilanku.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin tarihi daga arewacin Nijeriya